Wata Bakwai a Bencin Baya

Akwatin ƙarfe ne ɗan ƙarami mai kwaɗo, irin wanda ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Shekara uku ya yi a ƙarƙashin gadona, tun ranar da matan zumuntar majami'armu suka ɗaga hannu suka zaɓe ni ma'aji. A cikinsa muke tara kuɗin wata-wata, da na gaishe da marasa lafiya, da abin da ake ajiyewa don babban taron mata na shekara. Ba mu da asusu a banki, ba kuma mai zuwa ya ƙirga. Ni 'yar Wusasa ce ta Zariya, aure ya kawo ni Tudun Wada, ya shigar da ni majami'ar su maigidana. A wurin matan nan, a ce mace daga Wusasa ta fito ya isa shaida: garin da Janar Yakubu Gowon ya tashi, inda Farfesa Ishaya Audu ya yi makaranta, inda iyaye da kakanni suka buɗe ido cikin bangaskiya. Albarkacin wannan suna aka miƙa mini makulli.

Abinci nake sayarwa kusa da Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello, ɗalibai ne kasuwata. Da malaman jami'a suka shiga yajin aiki a Fabrairun 2022, na ce mako biyu ne ko uku. Sai da aka kwashe wata takwas. Tukunyar da ke cin mudu goma sha biyu na shinkafa ta koma mudu biyu, su ma sai dare ya yi da saura. A watan Afrilu kuɗin makarantar 'yan biyuna ya taso. Na buɗe akwatin, na ɗauki naira 20,000, na yagi 'yar takarda na rubuta "rance", na sa kwanan wata na jefa ciki. Wannan 'yar takarda ita ta riƙa lallashina. Ai ɓarawo ba ya rubutawa. Kafin ɗalibai su dawo a Oktoba takardun sun zama tara, kuɗin ya kai 147,000, daga cikin 310,000 da littafi ya ce suna hannuna.

Abin da har yau yake ba ni tsoro shi ne ban fasa komai ba. Kowace Talata ina zumunta, sanye da ankonmu, tulu a cinyata ina bugawa. Ƙarshen wata in miƙe in karanta rahoto: abin da ya shigo kaza, abin da ya fita kaza, saura a hannun ma'aji kaza. Mata su tafa. Lahadin farko na wata in miƙa hannu in karɓi Jibin Ubangiji, gurasa da ɗan kofin da ake rabawa don tunawa da mutuwar Yesu. Addu'a ma ban daina ba, ƙaruwa ta yi. Sai dai guda ɗaya ce kullum: ya Ubangiji, ka rufa mini asiri. Ban taɓa ambaton akwatin a gaban Allah ba, ko sau ɗaya. Sai in ce, "Ka san halin da nake ciki." Ina kewaye maganar yadda ake kewaye rijiya da dare.

Ba mutum ne ya tona ni ba, canjin kuɗi ne. Babban Banki ya sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, aka ce daga 31 ga Janairun 2023 tsofaffin sun daina aiki. Ranar Talata 17 ga wata shugabar zumunta ta ce, "Ma'aji, mako mai zuwa ki zo mana da akwatin a zuba kuɗin a asusun ikkilisiya, kada su zame mana takardar ƙunshe ƙosai." Na ce to, Mama. Har da murmushina.

Babu ƙofar da ban buga ba a makon nan. Yayata ta Kaduna ta ce ita ma ta kanta take yi. Uwar adashe ta ce kwasata sai Mayu. Daren Juma'a, maigida yana wurin koyon waƙa, yara sun yi barci, na jawo akwatin tsakar ɗaki na ɗauko taɓarya. Na gama tsara komai: in fasa kwaɗon, in watsar da kayan sawa, in fita tsakar gida in yi ihun ɓarayi. Na ɗaga taɓaryar ke nan sai na tuna wanda za a fara kamawa. Almajirin da yake ɗebo mini ruwa ne, yaro ɗan shekara goma sha biyu, shi kaɗai ne baƙon da yake shiga har ƙofar ɗakina. Na san abin da matasan unguwa suke yi wa wanda aka kira ɓarawo. Na ajiye taɓaryar, na zauna a ƙasa har maigida ya dawo, na ce masa kaina ke ciwo.

Da safe na hau Keke zuwa Ɗanmagaji, na ƙarasa Wusasa da ƙafa. Hazo ya rufe dutsen Kufena. Na wuce ta gaban tsohuwar majami'ar Bartalamawus, ginin ƙasan nan mai kaurin bango da aka yi tun 1929, lokacin da mishan ta bar cikin birni ta dawo nan. A cikinta aka yi mini baftisma ina jaririya. Ban iya ɗaga ido na dube ta ba.

Na tarar da Inna tana shan hantsi. Na yi ta jan magana, kasuwa ta lalace, rayuwa ta yi tsada, mutum yakan shiga wani hali. Ta bar ni na gama, ta ce, "Auta, nawa ne?"

Na faɗa mata.

"Kin faɗa wa Allah?"

"Inna, ai ya sani."

"Na san ya sani. Cewa na yi, kin faɗa masa?"

Ta aiki jikanta ya ɗauko Littafinta. Tsohon bugu ne, fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 da Likita Mila, Baturen mishan, ya yi wa aiki, bangon ya sha ɗinki. Idonta ya yi rauni, don haka ni ta sa na karanta Zabura 32. Na san zaburar tun ina makarantar Lahadi, amma ban taɓa lura da yadda aka jera maganar ba. A farko Dawuda ya kira mai albarka mutumin da aka rufe zunubinsa. Sannan ya ba da labarin lokacin da ya yi shiru, ƙasusuwansa suka lalace. Sai a aya ta biyar ya ce ya daina ɓoye laifinsa, aka gafarta masa. Inna ta ce, "Rufi biyu ne a nan. Akwai naki, akwai nasa. Muddin naki yana kai, ina zai ɗora nasa?" Wata tara ina roƙon rufin asiri, ashe abin da nake nufi shi ne Allah ya kama mini gefen zane mu ɓoye tare.

A majami'ar da na tashi, kowace Lahadi mukan durƙusa gaba ɗaya mu furta zunubanmu da baki ɗaya: mun yi kuskure, mun bar abin da ya kamata mu yi. Addu'a ce mai kyau, ba na kushe ta. Amma a cikin "mun" mutum yana iya ɓuya shekara arba'in. A ɗakin Inna, a kan tabarma, na fara cewa "na": na ɗauki kuɗin da ba nawa ba sau tara, na tsaya gaban mata na yi ƙarya sau tara, na yi niyyar ɗora wa yaro sata. Ta sayar da akuya ta ba ni 30,000, ta kuma ce, "Biya zan taya ki. Ɓuya kuwa ba da ni ba."

Maigida bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya dubi gadon ya ce, "Wato wata tara ina kwana a kan wannan abu?" Kwana biyu bai ci tuwona ba. Amma ranar Litinin da yamma shi ya sa riga ya raka ni gidan fasto.

Matar fasto na fara samu, a madafa, don na kasa fuskantar Baba kai tsaye. Ta saurare ni, ta wanke hannu, ta shiga ta kira shi. Washegari, maimakon in kai akwatin zumunta, aka buɗe shi a ofis gaban fasto da shugabar zumunta da magatakarda. Aka ƙirga 163,000, aka jera takarduna tara a kan tebur. Na ɗora 30,000 ɗin Inna a kai. Saura 117,000.

Taron dattawa ranar Asabar aka yi. Maza bakwai, ni kaɗai mace, sai maigida a bakin ƙofa. Aka buɗe da addu'a, aka karanta Matiyu 18 da farkon Galatiyawa 6, inda aka ce a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u. Tambayoyin farko na lissafi ne, yaushe, nawa, me aka yi da su. Sai wani dattijo da bai ce uffan ba tun da aka fara, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya gyara zama ya ce, "'Yata, tambaya ɗaya. Da ba a canja kuɗi ba, da kin zo?"

Amsa mai daɗi tana bakina. In ce dama Ruhu yana ta damuna, dama ina shirin zuwa. Da na faɗi haka da sun karɓa, na ga alama a fuskokinsu suna so su karɓa. Na ce, "A'a, Baba. Da ban zo ba."

Ya ce, "To, yanzu kika zo."

Aka ce in jira a waje. Na zauna gindin darbejiya kusan awa guda, ina jin muryoyi suna tashi suna sauka. Daga baya na ji yadda aka yi. Wasu sun ce tun da da ƙafarta ta zo, a kashe maganar a ɗaki, ta biya a hankali. Wasu suka ce a bainar jama'a ta karanta rahoton ƙarya, a bainar jama'a za a gyara. Na biyun suka rinjaya. A ranar na ji haushinsu. Yau da za a tambaye ni, bayansu zan bi. Aka yanke mini horo na wata shida: in sauka daga ma'aji, ba Jibi, ba jagorar addu'a ko waƙa, ba sa anko, zama a bencin baya, biyan 15,000 duk wata daga Maris, da ganawa da wata tsohuwa cikin ikkilisiya kowane mako.

Kafin Lahadin sanarwa sai da na tsaya gaban matan zumunta, kuma wannan ya fi komai zafi. Ba wanda ya zage ni. Wata gwauruwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda takan kwance bakin zane ta ba ni naira 200 ɗinta duk wata, ta ce, "Ma'aji, da kin tambaye mu ai da mun ba ki." Wata daga baya ta ce, "Ke dai faɗi kike." Ina jin dukansu biyu suna da gaskiya, wasu za su bayar, wasu za su kai ni gaba a baki. Amma ban gwada ba. Na gwammace in saci kuɗinsu da in bari su san tukunyata ta koma mudu biyu. Girman kai ne, na sa masa suna kunya.

Ranar 5 ga Fabrairu, bayan sanarwar bikin aure da ta aikin gayya, magatakarda ya kira sunana. Na miƙe. An ba ni zaɓi ko shi ya karanta ko ni in faɗa, na ce zan faɗa. Jimla huɗu ce, na haddace su, amma da na zo kan adadin sai murya ta ƙi fita, na sake ɗaukowa. Majami'a ta yi tsit, har ana jin kukan fanka. Na ɗauki jakata na taka daga layi na uku, inda nake zama shekara goma sha ɗaya, zuwa bencin ƙarshe na jikin ƙofa. Taku ashirin ne ko ƙasa da haka.

Mu uku ne a bencin. Akwai wani tsoho da burukutu ya hana shi sakat, ya shiga horo ya fita har ba a ƙirgawa. Akwai yarinya 'yar shekara goma sha tara da ciki wata biyar. Wanda ya yi mata cikin ɗan mawaƙa ne, da maganar ta fito sai ya koma wata majami'a a Samaru, can yana riƙe da makirfo. A nan zan faɗi abin da na gani, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba: bencin baya ya fi sanin mata da talakawa. Laifin da ciki ke nunawa, ko wari ke tonawa, ko littafin lissafi ke kamawa, shi ake horo a kai. Mai hali da ya danne haƙƙin ma'aikatansa yana layin gaba, ranar godiya shi ake kira ya buɗe baikon da ake kawo wa majami'a. Ban ce don haka a daina horo ba, ni dai ya yi mini magani. Amma da can, ina layi na uku, ban taɓa waiwayawa na ga su wane ne a baya ba. Yarinyar nan ita ta matsa mini wuri ranar farko, ta ce, "Mama, zauna nan, can rana tana bugowa." Da ta haihu a watan Yuni ni na yi mata wankan jego na mako biyu.

Lahadin Jibi ita ce mai wuya. Tire yakan zo har layin da ke gabanmu, mai rabawa ya juya. Ranar Ista, 9 ga Afrilu, mata suka shigo da rawa cikin anko, wata tana buga tuluna, tana kuma bugawa ba daidai ba. Na kama kaina ina buga cinyata da hannu.

Tsohuwar da aka haɗa ni da ita, Kaka muke ce mata, ba ta yi makaranta ba, amma ba a yi mata kwana-kwana. Kowace Alhamis in je, ta ba ni gyaɗa in ɓare, ta yi mini tambayoyinta: me kika sayar, wa kike jin haushi, me kika faɗa wa Allah. In na ce na roƙi alheri da jinƙai sai ta ce, "Wannan addu'ar fasto ce. Taki fa?" A wurinta na koyi yin addu'a da adadi da sunaye. Ya Uba, yau 3,400 na samu, kuma na ji kamar in shaƙe wance da ta kira ni Ma'aji a kasuwar Tudun Wada tana dariya. Da farko na ji kamar rashin ladabi ne a yi wa Allah irin wannan magana. Kaka ta ce in je in karanta Zabura in ga ko Dawuda yana yi masa kara.

Jarrabawar gaske a watan Yuni ta zo. Bayan an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, kuɗin Keke da na kayan miya suka yi sama, ƙarshen wata 5,000 kawai na iya haɗawa. Nan take tsohon halin ya dawo, kamar bai taɓa tafiya ba. In ce na tura ta waya bai shiga ba. In ƙi zuwa sujada in ce zazzaɓi. In ranto a wani wuri in toshe, kada a ce ga shi ta fara. Kwana uku ina juya abin. Ranar Laraba, tun kafin ranar biya ta zo, na je gidan sabuwar ma'aji na ajiye mata 5,000, na ce abin da nake da shi ke nan, ga littafin cinikina in tana son gani. Ta duba kuwa, shafi-shafi. Ta rubuta, ta ce za ta gaya wa dattawa. Ba abin da ya biyo baya. Na fito ina mamakin ƙanƙantar abin da na kusa yi wa ƙarya.

Wata shida ya cika a Agusta, na rubuta takardar neman a karɓe ni, kamar yadda aka ce in yi. Sai taron dattawa bai yiwu ba, damina ce, uku suna gona. Aka ɗaga zuwa wata mai zuwa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da ni ce ta da, sai in yi murmushi in ce ba komai, Baba, in je gida in ƙulla. Na samu fasto na ce masa na ji zafi, wata guda a bencin nan ba kamar wata guda a gona ba ne. Ya yi shiru, ya ce gaskiyata ce, ya ba ni haƙuri. Ranar dai ba ta matso ba.

Ranar 3 ga Satumba aka kira ni gaba. Fasto ya karanta 2 Korintiyawa sura 2, inda Bulus ya ce horon ya isa, a gafarta, a ƙarfafa mutum kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Ya tambayi ikkilisiya ko sun karɓe ni, suka amsa. Ba duka ba, ina da ido. Shugabar zumunta ta ɗaura mini ɗankwalin anko a kan nawa, wata ta rangaɗa guɗa, Inna da aka ɗauko daga Wusasa tana zaune ba ta ko motsa ba. Da tire ya iso gabana hannuna yana rawa, har na kusa zubar da ɗan kofin. Ban koma layi na uku ba. Na samu wuri a tsakiya, inda in na juya ina ganin ƙofa.

Zumunta ta buɗe asusu a banki, mutum uku ke sa hannu, kuma duk wata sai mata biyu sun duba littafi kafin a karanta rahoto. An karɓe ni da sauran bashi a kaina, don dattawa sun ce ba kuɗi ne ke sayen Jibi ba. Na ci gaba da biya. Cikon ƙarshe, 12,000, a farkon Disamba na kai, duk 'yan 500 da 200 na ciniki, wasu da maiƙon manja. Sabuwar ma'aji ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, sai ta ɗago kai kunya ta kama ta, ta ce, "Yi haƙuri, Maman 'yan biyu, ba wai ban yarda ba ne."

Na ce ta kira mataimakiyarta ita ma ta ƙirga, sannan su ba ni rasit.